Dokin Ƙofar da Malam Ya Sa Na Sare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda Ya raba wa bayinSa baiwa yadda Ya so, Ya ba wani ƙarfin ƙafa, Ya ba wani ƙarfin hannu, ni kuma Ya ba ni ƙarfin baki, ban kuwa raina ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, malaminmu, shehinmu, jagoranmu, masanin fiƙihu da nahawu da tafsiri, ma'abocin tsantseni da gudun duniya, Allah Ya ƙara masa yarda Ya tsawaita kwanansa cikin ɗa'a, yana zaune ne a Panshekara, a wani zaure da bai fi shagon mai shayi faɗi ba, kuma yau shekara talatin da ɗoriya ke nan yana karantar da ma'aikatan kamfanonin Challawa da Sharada gwargwadon yadda aikinsu ya bar su, masu aikin safe su zo bayan la'asar, waɗanda suka kwana a kan inji su zo da hantsi idanunsu jajur, shi kuwa ban taɓa jin ya ce wa wani ya makara ba. Ba zan ambaci sunansa ba domin ya hana. Mutum ne da idan ya yi shiru zaure ya cika da haiba, idan ya yi magana kuma ba ta wuce jimla biyu, sai ka tafi da ita gida ka yi mako kana juya ta. Wani mai kamfani ya taɓa aiko masa da janareto sabo fil don ya huta da zafi; kafin magariba Malam ya sa an kai shi rijiyar burtsatsen unguwa, ya koma ga maficinsa na kaba.

Abin da ya sa ni Tijjani na ɗauki alƙalami shi ne, labarin da zan bayar ya riga ya bazu daga Challawa har Bompai, kowa yana ba da shi yadda ya ga dama, kuma a kowane baki ni ne abin dariya. A teburin mai shayi na ji wani direba da ko sanina bai yi ba yana cewa wai kuka na yi a ranar. Ban yi kuka ba, gishiri ne ya shiga min ido. Wani kuma ya ce gudu na yi na bar hulata. Wanda ya san ni ya san ina iya barin komai a duniya, ban da hula. Saboda haka gara in faɗi abin da bakina, ni da aka yi a kaina, don karamar Malam ta fito yadda take, ni ma a ba ni ɗan haƙƙina.

Ni dillalin fata ne, shekara ashirin ina tsaye a ƙofar kamfanonin jima na Challawa ina haɗa masu kawo fata daga ƙauye da masu saye. Ba yabon kai ba, a duk layin nan babu wanda ya kai ni iya ɗaura zance, ko iya sa shadda a wurin da kowa ke warin ɗanyar fata. A ɗaya daga cikin kamfanonin nan akwai wani dattijo, Malam Lawan, wanda kowa ke kira Baffa. Shi ne mai zaɓen fata, wato shi ke ware mai kyau lamba ɗaya, da lamba biyu, da ta zubarwa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a tsaye, a kan siminti mai jiƙe da ruwan gishiri, har gwiwoyinsa suka ƙare, ya koma sai da sanda biyu yake iya kai kansa bakin ƙofa. Amma hannunsa, jama'a! Baffa ba ya duba fata. Zura tafinsa yake ta ƙarƙashi ya shafa sau ɗaya, ya gaya maka inda wuƙar mai fiɗa ta zame, da inda kaska ta taɓa cizo, da ko dabbar ta yi ƙazuwa.

Da mai kamfanin ya tsufa, ɗansa Alhaji Kamilu ya karɓi ragama. Yaro ne mai kirki da ladabi, sai dai ya zo da sabon tsari. Ya sayo wani dogon tebur mai fitila a ƙarƙashi wanda ke nuna hudar fata, ya sa aka kafa shi a bene, matakala ashirin da biyu. Baffa ya hau kwana uku ana riƙe da shi, a na huɗu ya zauna a matakala ta bakwai ya kasa gaba ya kasa baya. Aka sallame shi cikin mutunci, da yadi goma da godiya mai yawa.

To, wuri ya buɗe, ni kuma ina da baki. Na shiga ofishin Alhaji Kamilu na shaida masa cewa rabin abin da Baffa ya sani a wurina ya ji. Bai yi mako ba ya ɗauke ni. Dabarar da na yi kuwa, har yau ina ganin ta cancanci yabo: duk yamma sai in naɗe fata biyu ko uku da suka rikita ni, in tafi gidan Baffa a nan Panshekara da sunan gaisuwa, in ajiye su kusa da hannunsa kamar na manta. Hannun ba ya iya haƙuri, sai ya shafa ya faɗi aibinsu. Washegari in maimaita wa Alhaji Kamilu da muryar masani, har da ɗan lumshe ido. Wata biyar ina haka. A zatona Baffa bai gane ba.

Shi kuwa Baffa zaman bai karɓe shi ba. Matarsa ta rasu da jimawa, 'yarsa ɗaya, Zulaihat, tana aure a Ringim. Ita da mijinta suka yanke cewa rana ta uku ga Babbar Salla za su zo da mota su ɗauke shi, a kulle gidan, ya je ya ƙarasa kwanansa a wurinsu. Babu wanda zai ga laifinsu. Amma Baffa ya ce min, ranar da ya gaya min maganar, shi mutum ne da tun yana ɗan shekara goma sha biyar bai taɓa cin tuwon da bai yi wa aiki ba, kuma shekara ashirin da shida yana zaune a hannun daman Malam, saura babi uku su sauke littafin da suke karantawa. Idan ya tafi Ringim, ya ce, ya san ba aiki ba karatu, sai jiran ranar da za a ɗauke shi a makara.

Saura kwana tara Salla ya sa aka kai shi zauren Malam a a-daidaita-sahu don ya yi sallama. Ina nan zaune a bayan sahu, domin ni ma almajirin Malam ne, ko da yake shekara goma sha ɗaya ina babin tsarki. Baffa ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi Malam ya yafe masa ya sa masa albarka. Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, ya daɗe yana kallon hannayen Baffa da ke kan sanda, sannan ya ce, "Malam Lawan, ƙafa ce ta ajiye aiki, ba kai ba. Koma zaurenka ka shimfiɗa tabarma biyu, Tijjani zai kawo maka aiki har ƙofa."

Duk zauren ya juyo yana kallona. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, a zuciyata kuwa na ce, Allah Ya gafarta Malam, wannan karon kun yi kure, ni da na samu kujera mai juyawa da fanka a bene, in ɗauko aikin da hannuna in mayar? Ban gama wannan tunani ba sai na ji ya kira sunana. Ya ce in nemi guduma da kurfi in je in sare dokin ƙofar zauren Baffa, wato tudun simintin nan da ake yi a bakin ƙofa don tare ruwan sama. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai damina ce, kuma layinsu ruwa yake bi." Ya ce, "Ruwa zai san hanyarsa. Sare shi har ƙasa, kada ka bar ko ɗan tudu, kai ma wata rana ta nan za ka shiga."

Haka na je, cikin farar shaddata, na durƙusa a ƙofar Baffa ina fasa siminti, matan layi suna leƙowa suna tambayar juna ko Tijjani ya koma birkila ne. Da Zulaihat ta ji labari ta kira ni a waya ta wanke ni tas, ta ce idan ruwa ya shiga ya jiƙa wa mahaifinta littattafai, da ni za ta yi shari'a, ba da Malam ba. A cikin kwana taran nan an yi ruwa sau biyu, na biyun har ya shiga gidaje huɗu masu dokin ƙofa a layin. Na je da kaina na duba, don ina fatan in samu abin faɗa. Ruwan ya zo daidai ƙofar Baffa ya karkata ya bi ta gefen kwata, tabarmi biyun nan a bushe ƙayau. Na ce wataƙila gangaren wurin ne. Allah Ya yafe min.

Sai Salla ta zo. Wanda ba ya harkarmu ba zai san abin da Babbar Salla take ga kamfanin fata ba. Mutane suna yanka layya su ba da fatun sadaka ga masallatai da makarantun Islamiyya, su kuma su sayar wa kamfanoni, a kwana uku a tara abin da ba a tara shi a wata uku. Alhaji Kamilu ya ba ni motar kamfani, irin wadda ake kira kanta, da direba, da leburori huɗu, da buhunan gishiri, ya ce duk saye da zaɓe na bana a hannuna yake. Ban samu damar zuwa gaisuwa gidan Baffa ba, kuma gaskiya na fara jin cewa na wuce wannan matsayi. Kwana biyu muna zagaya unguwanni tun daga Dakata har Zawaciki. Na riƙa zaɓen manyan fatun raguna, farare masu kauri masu sheƙi, irin ragunan da aka yi wata shida ana ɗura musu dusa a gida, ina cewa waɗannan su ne lamba ɗaya. Muka watsa musu gishiri sama-sama, muka ninke, muka jera a tsakiyar mota, na sa aka ja tamfol aka ɗaure tamau don kada ruwa ya taɓa su. Na tsaya na kalli lodin na ce ko Baffa bai taɓa yin mai kyansa ba.

Abin da ban sani ba, kuma kowane tsohon ma'aikacin jima ya sani, shi ne fatar layya ba mahauci ne ya feɗe ta ba. Maigida ne da wuƙar kicin, yana sauri a soya hanta, sai ya bar kitse da tsoka manne a jikinta. Gishiri kuwa ba ya ratsa kitse. Sai an kankare shi tukuna, in ba haka ba fatar ta ɗau zafi daga ciki, gashi ya saki, ta ruɓe. Mafi ƙibar ragon, mafi saurin lalacewar fatar. Ni kuma na tattara mafiya ƙiba na lulluɓe su da tamfol a rana.

Rana ta uku da hantsi muka nufi Challawa. Kafin mu kai, sai muka tarar wata tirela ta kafe a inda ruwa ya cinye titi, ta tare hanya gaba ɗaya. Direba ya ce sai dai mu ratsa ta cikin Panshekara. Nan take maganar Malam ta faɗo min, na ce masa ya bi duk layin da ya ga dama ban da layin Baffa Lawan. Layi na farko an kafa rumfar suna. Na biyu an kayar da sa a tsakiyar hanya ana fiɗa. Na uku wani ya sauke yashi tifa guda. Na ce ya koma da baya, ya ce da wannan lodin ba zai iya ba. Saura layi ɗaya. Na ce to ya taka mota sosai, kada ya ko kalli gefe, ni kuma na zame ƙasa a kujera na jawo hula ta rufe min fuska.

Muna zuwa daidai ƙofar da na sare wa doki, motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu.

Layin ƙarami ne, kanta ta cika shi bango zuwa bango. A gabanmu kuma, hanci da hanci, ga ƙaramar motar da Zulaihat da mijinta suka zo da ita, an riga an ɗaure katifar Baffa da akwatin littattafansa a sama, hanyarsu ta komawa Ringim kuma ta inda muka tsaya ta bi. Baffa yana zaune a bakin zaure a kan tabarma, da sandunansa biyu, ya ƙi yarda a naɗe tabarmin sai an zo ɗaukarsa. Zulaihat ta fito ta ga wanda ke cikin kanta, ta ce, "Tijjani, kai ne dai? Ka fasa mana ƙofa, yanzu kuma ka toshe mana hanya?"

Direba ya murza makulli ya fi sau ashirin. Aka kira bakanike, ya duba batir, ya duba mai, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya rantse cewa a iya saninsa babu abin da ya sami motar nan. Muka tara matasan layi su tura, ta ƙi ko motsi, kamar an dasa ta. Na roƙi direba kada ya kira Alhaji Kamilu, ashe ya riga ya kira. Kafin azahar sai ga shi ya ajiye motarsa a bakin titi ya tako da ƙafa, cikin kayan Salla.

Ya gaishe da Baffa da ladabi, yana ɗan jin nauyi. Baffa ya amsa, sannan ya ɗaga hanci kamar mai sauraron wani abu, ya ce, "Alhaji, fatun da ke tsakiyar motar nan sun ɗau zafi. In aka kai la'asar ba a buɗe su ba, ko rabi ba za ka tsira da shi ba." Alhaji Kamilu ya juyo gare ni. Na gyara hula na ce, cikin girmamawa, Baffa ya kwana biyu bai shiga kamfani ba, warin kwata ne yake ji. Baffa bai yi musu da ni ba, ya ce a zaro masa guda ɗaya daga tsakiya. Aka kwance tamfol, wani tururi ya taso wanda ya sa matan da ke leƙe suka ja da baya. Aka miƙa masa wata farar fata, irin wadda na fi alfahari da ita. Ya kama gashin da yatsa biyu ya ja a hankali, sai ga shi ya taho a hannunsa kamar auduga.

A nan ne gishiri ya shiga min ido.

Alhaji Kamilu ya riƙe kai, domin sayen shekara guda ne a cikin motar. Ya tambayi Baffa ko akwai abin yi. Baffa ya ce akwai, in an sauke yanzu, an shigar inuwa, an kankare kitsen an sake gishiri. Inuwa kuwa babu sai zaurensa da rumfar tsakar gidansa. Aka aro baro biyu a wurin mai yashin nan. Na tsaya ina kallo baro na farko ya nufi ƙofar, tayarsa ta wuce sumul ta inda dokin ƙofa yake a da, sai na tuna maganar Malam.

Baffa ya sa aka ɗora masa katako a cinya, aka ba shi wuƙa marar kaifi. Ya rufe ido. Fata ta zo, ya shafa, ya jefa dama ko hagu ko baya, wata ta zo. Leburori huɗu suna kawowa da gudu ba su iya cim masa. Amma kankarar kitse ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya ce a kira masa Ayuba. Ayuba mutumin Kafanchan ne, maƙwabcinsa, wanda ya yi shekara ashirin yana aske fata da inji a Sharada kafin ciwon suga ya sa a yanke masa ƙafa, tun daga nan yake zaune a keken guragu a ƙofar gida yana sauraron rediyo. Shekara uku bai shiga zauren Baffa ba saboda kekensa ba ya hawa dokin ƙofa, sai dai su gaisa daga waje. Ranar ya murzo kekensa da kansa ya shige kai tsaye, ya sauka a kan tabarma ta biyu kamar don shi aka shimfiɗa ta, ya ce, "Baffa, miƙo wuƙa, hannuna ya gaji da murɗa rediyo." Sai Hajiya Ma'u, wata gwauruwa mai ciwon ƙugu da ta taɓa aikin gishiri a Bompai, ta aiko a tambaya ko ana son hannu. Aka kai mata kujera 'yar tsugunno tsakar gida, ta zauna tana cuɗa gishiri tana faɗa wa leburori cewa ba haka ake ninke fata ba. Zulaihat ta tsaya tana kallon mahaifinta, wanda ta yi wata biyar ba ta ji ya ɗaga murya ba, yana ba da umarni yana tsokanar Ayuba. Can sai na ga ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta ɗauki kwanon gishiri.

Ni kuwa aka ba ni baro. Da shaddar Sallata.

Ana kiran la'asar aka gama. Cikin fatu sama da dubu, waɗanda suka lalace ba su kai saba'in ba. Aka sake lodi yadda Baffa ya ce, ba tamfol. Direba ya murza makulli, shiru. Muna tsaye cirko-cirko sai ga Malam ya ɓullo daga bakin layi zai tafi masallaci, shi kaɗai, da carbinsa da 'yar butarsa. Kowa ya durƙusa, har Alhaji Kamilu. Malam ya leƙa zaure ya ga tsofaffin nan biyu hannu duk kitse da gishiri suna dariya, ya yi murmushi. Alhaji Kamilu ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, na yi kuskure. Gobe Baffa ya koma aikinsa, ko ɗaukarsa za a riƙa yi a kai shi bene." Malam ya ce, "Alhaji, fata ba ta ciwon gwiwa. Ita ta riƙa zuwa." Sannan ya dafa gaban motar da tafinsa mai albarka kamar mai lallashin jaki, ya ce, "Kin isar da saƙo, sai ki tafi." Direba ya murza makulli sau ɗaya, ta tashi.

Layin ya ɗauki kabbara. Bakaniken nan, da ya ƙi tafiya don yana son ganin ƙarshen abin, ya zauna a ƙasa daɓas. Malam bai tsaya ba, sai da ya zo daidai inda nake riƙe da baro ya ce a hankali, "Tijjani, ka cika alkawarin da ba kai ka ɗauka ba. Allah Ya yi maka albarka." Ya wuce masallaci.

Da aka matsar da ƙaramar motar, motar kamfani ta wuce ta buɗe hanya, mijin Zulaihat ya tambaye ta ko su ɗauko Baffa. Ta ce ya kwance katifar ya mayar ɗaki. Suka koma Ringim da motar babu kowa a baya, ta bar min saƙo cewa shari'ar da ta ce za ta yi da ni ta janye, amma in ƙara sa ido a kan kwatar layin.

Yau shekara biyu ke nan. Ɗanyar fata ba ta zuwa zauren sai da Salla, saboda maƙwabta. Sauran watanni jemammu ake kawowa kowace safiya don zaɓen ƙarshe, a kwashe da yamma. Tabarma biyu sun zama bakwai. Akwai mai shanyewar ɓarin jiki da ke buga hatimi da hannunsa mai lafiya, akwai tsohon direban tirela da bayansa ya hana shi tuƙi, yana yanke gefen fata da almakashi, Hajiya Ma'u kuma ta tara mata uku a tsakar gida suna ɗinka jakunkuna da ragowar da ake zubarwa a da. Duk wanda ya shiga, da keke ko da sanda ko da jan gindi, ba ya neman a ɗaga shi. Idan masu kamfanonin Sharada da Bompai suka yi gardama da dillali a kan lambar fata, Panshekara suke aiko ta, abin da hannun Baffa ya faɗa shi ne hukunci. Teburin nan mai fitila yana bene, an ce leburori suna shanya riguna a kai. Baffa kuwa ya sauke littafinsa a gaban Malam cikin watan Maulidi, aka yi walima, Ayuba ne ya kawo lemo.

Ni fa? Alhaji Kamilu bai kore ni ba, Baffa ne ya roƙa. A gaban kowa ya ce Tijjani yaron kirki ne, wata biyar yana kawo masa fata har gida don kada hannunsa ya manta aiki. Ya faɗa yana kallona, ko murmushi bai yi ba. Yanzu ni ke rako fatu daga kamfani zuwa zaure in mayar. Mutane suna cewa ɗan baro, ni kuwa a katina na sa an rubuta jami'in sufuri. Kuma ina so masu dariya su yi adalci su amsa min: wa ya sare dokin ƙofa? Wa ya zaɓo fatu masu kitse? Wa ya ɗaure tamfol? Da na iya aikin, da yanzu Baffa yana Ringim yana kallon bango. Allah Yana bayyana karamar bayinSa ta hannun wanda Ya so, wannan karon kuma hannuna Ya zaɓa, ko da yake ba a nemi shawarata ba.

Abu ɗaya ne ban gaya wa masu shayi ba. Tun daminar bara gwiwata ta hagu ta fara ƙara idan na tashi daga sujada. Na ɓoye, amma Baffa ya ji ta, shi da ke jin fata ta ɗau zafi daga cikin mota. Sai ya matsa gefe ya bar min wuri a jikin bango, ya ɗora min katako a cinya, ya ce in rufe ido. Yanzu kullum bayan na sauke baro ina yin awa guda a nan ina shafa fata, kuma jiya na gane cizon kaska da kaina, ba wanda ya faɗa min. Duk sanda na zo shiga ƙofar nan na kan dubi wurin da na fasa, in gode wa Allah da ban yi ha'inci na bar ɗan tudu ba.

Wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani na karamomin shehinmu, fitilar unguwarmu, mai jin ƙan raunana, wanda Allah Ya sanar da shi abin da ya ɓoyu gare mu. Ya Allah Ka ƙara masa yarda da kusanci, Ka ja kwanansa cikin lafiya, Ka amfane mu da iliminsa da albarkarsa duniya da lahira. Ka sa albarka a hannayen da ke aiki a zaune, Ka buɗe ƙofa ga duk dattijon da ƙafa ta gaza masa. Ni kuma bawanKa Tijjani, Ka yafe min wata biyar ɗin nan, Ka fitar da ni daga babin tsarki kafin in tsufa, Ka kuma tsare min wurina a jikin bango. Amin, don alfarmar Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.